Gidan tsofaffi: tsada ba ita ce kulawa ba



Kwanan baya wani abokina da muka yi jami'a tare, wanda yanzu yake aiki a Faransa, ya kira ni da tsakar dare. Kawunsa, wanda ya riƙe shi lokacin da ya isa can ba shi da kowa, ya samu shanyewar ɓarin jiki. Asibiti sun ce sun gama nasu, a zo a ɗauke shi. Ɗakin abokina yana hawa na huɗu, sai an taka matakala, kuma shi da matarsa tun asuba suke fita aiki. Maganar maido tsohon Damagaram kuwa, likita ya ce ba yanzu ba. Aka miƙa masa takardun gidaje uku na kula da tsofaffi, aka ce ya zaɓi ɗaya. Ya ce da ni: "Wallahi ji nake kamar in ɗauki mafi tsada ko da bashi ne, don kada gobe a ce na yi wa kawu rowa."

Na fahimce shi ƙwarai. Ɗan da ya tashi cikin tarbiyyarmu, in ya kasa ɗaukar tsohonsa da hannunsa, yakan so ya rufe kunyar da kuɗi. To amma a nan ne tarkon yake, kuma akwai waɗanda suka yi dukiya da wannan kunyar.

Mu tuna abin da ya faru a watan Janairu na 2022. Wani ɗan jarida mai suna Victor Castanet ya fitar da littafinsa Les Fossoyeurs, bayan shekara uku yana bincike kan kamfanin Orpea, wanda a lokacin yake da gidaje da asibitoci sama da 1000 a ƙasashe fiye da 20. Labarin bai fara daga wani lungu na talakawa ba. Ya fara ne daga wani gida a Neuilly-sur-Seine, unguwar masu hannu da shuni a gefen Paris, inda kuɗin ɗaki yake farawa daga wajen yuro 6500 a wata, wato sama da miliyon huɗu na sefa. A cikin wannan gidan ne ma'aikata suka shaida cewa ƙidaya musu famfas na manya ake yi, guda uku ga tsoho a rana, ko da cikinsa ya ɓaci. Littafin ya kuma nuna cewa kuɗin abincin tsoho ɗaya a yini, daga karin kumallo har na dare, bai wuce yuro huɗu da ƴan kai ba. Da kuɗinmu bai cika jaka uku ba. Ana ciyar da mutum da abin da bai kai jaka uku ba a rana, a ƙasar da komai ke da tsada.

Da farko kamfanin ya musanta. Amma cikin ƴan kwanaki aka sallami babban daraktansa, darajar hannun jarinsa ta faɗi warwas, gwamnati ta tura masu bincikenta na kuɗi da na harkokin jama'a. Rahotonsu ya tabbatar da cewa lissafin riba ya shige gaban kulawa. Aka nemi kamfanin ya maido yuro miliyon 55,8 na kuɗin al'umma, sama da miliyar 36 na sefa, daga baya ya amince. A 2023 bashi ya durƙusar da shi, sai wasu hukumomin kuɗi ƙarƙashin jagorancin Caisse des dépôts ta gwamnati suka karɓe shi. A 2024 aka canza masa suna zuwa Emeis.

Darasin farko ke nan: farashi ba ya ba ka labarin abin da ke faruwa bayan an rufe ƙofa. Yana ba ka labarin unguwa, da faɗin ɗaki, da furannin tsakar gida. Ba ya gaya maka ko akwai wanda zai amsa in tsoho ya danna ƙararrawa da ƙarfe uku na dare.

To da me za a auna? Abu uku ne, kuma jerinsu yana da muhimmanci: kulawa, sannan masu gidan da yadda suke tafiyar da shi, sannan kuɗi.

Kulawa hannuwa ce. Tsohon da ba ya iya tashi, sai an juya shi a kai a kai, in ba haka ba gyambon kwanciya ya kama shi a ƙugu da diddige. Wanda haɗiya ke yi wa wuya, sai an zauna an ba shi abinci cokali cokali, ba a ajiye masa kwano a dawo a ɗauke ba. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, sai an riƙa tuna masa da ruwa. Duk wannan lokaci ne, lokaci kuma yawan ma'aikata ne. Shugabar hukumar kare haƙƙin jama'a ta Faransa a lokacin, Claire Hédon, ta nemi a kafa doka ta ma'aikata 8 ga tsofaffi 10, alhali abin da ake da shi bai wuce wajen 6 ba. Kuma kada wannan lissafin ya ruɗe ka: su shidan nan ne ake rabawa tsakanin safe da yamma da dare da ranakun hutu. Saboda haka tambayar da za ka yi ba "ma'aikata nawa gare ku?" ba ce. Ka tambaya: a wannan hawa, daren Lahadi, mutum nawa ne ke aiki, kuma akwai ma'aikacin jinya a cikinsu?

Gani ya kori ji. Ziyarar da aka shirya maka ranar Talata da hantsi, shayi a tebur, ba ziyara ba ce, talla ce. Koma ba zato, lokacin cin abincin dare. Hancinka zai gaya maka gaskiya kafin darakta ya buɗe baki. Dubi farcen tsofaffin, dubi tufafinsu, dubi ko an jera su gaban talabijin ba mai ce musu uffan. Saurari yadda ma'aikata suke kiran su: da sunansu, ko da lambar ɗaki? Ga namu tsofaffin kuma akwai ƙari: abincin da addininsa ya yarda da shi, wanda zai taimake shi alwala, da kuma harshe. Tsohon da ruɗewar tsufa ta kama, sau da yawa yaren da ya koya da girma yakan kuɓuce masa ya koma na uwarsa. Wanda ya yi shekara arba'in yana faransanci a wurin aiki, wata rana zai nemi ruwa da hausa ko zabarmanci, in ba mai ji, sai a rubuta cewa yana sambatu.

Abu na biyu: gidan na wane ne? A Faransa akwai gidajen da ake kira EHPAD wajen 7500, da tsofaffi kimanin 600.000 a cikinsu. Ƙasa da rabi kaɗan na hukuma ne, wajen kashi ɗaya bisa huɗu na ƴan kasuwa, sauran na ƙungiyoyin da ba riba suke nema ba. Ba mu ce duk na kasuwa azzalumai ne ba, ba mu kuma ce na hukuma aljanna ne ba, don su ma da yawansu suna fama da giɓin kuɗi da ƙarancin ma'aikata. Amma ka san inda kuɗinka yake zuwa. Abin da ya ɓata Orpea ba muguntar ma'aikatan da ke wanke tsofaffi ba ce. Su ne ma suka tona asirin. Tsari ne daga sama: hedikwata ce ke yanke yawan famfas da kuɗin abinci, daraktan gida ba shi da ta cewa, ƴan kwangilar da ke kawo kaya kuma suna maido wa kamfani wani kaso a ƙarshen shekara kan kayan da aka saya da kuɗin al'umma.

Don haka ka tambaya: wannan darakta shekara nawa ya yi a nan? Gidan da ya canza darakta uku cikin shekara biyu, akwai wuta a ƙasa. Ma'aikatan na dindindin ne ko na wucin gadi masu zuwa yau su tafi gobe? Wanda bai san tsoho ba, ba zai gane yau ya canza ba. Dokar 2 ga Janairu 2002 ta tilasta a kafa majalisar mazauna da iyalansu a kowane gida. Nemi ganin rahoton zamanta na ƙarshe, kuma ka nemi wani daga cikin iyalan ku yi magana ba a gaban darakta ba. Dokar Afrilu 2024 kuma ta tabbatar wa tsoho haƙƙin karɓar baƙi kowace rana. Gidan da ke ƙunƙuni in ka ce za ka riƙa zuwa lokacin da ka ga dama, ya riga ya ba ka amsa.

Sai kuɗi, kuma mun ajiye shi a ƙarshe ba don ba shi da nauyi ba. Matsakaicin kuɗin ɗaki ya haura yuro 2000 a wata, sama da miliyon ɗaya da jaka ɗari uku, alhali fanshon mafi yawan tsofaffi bai kai haka ba, balle na baƙon da ya ƙare rayuwarsa a ƙananan ayyuka. Lissafin kashi uku ne: kuɗin magani da jinya na kan inshorar lafiya, kuɗin taimakon yau da kullum hukumar gunduma na ɗaukar wani ɓangare, kuɗin ɗaki da abinci kuwa na kan tsoho da iyalinsa. In bai iya ba akwai tallafin hukuma, amma ba kowane gida ne ke karɓar sa ba, ana fara neman gudummawar ƴaƴa, kuma ana iya cire shi daga gado bayan rasuwa. Wannan duk sai an tambaya kafin a sa hannu. Karanta kwantaragi har ƙananan rubutu: aski, tarho, rakiya zuwa asibiti, suna ciki ko daban ake biya? In jikin ya ƙara tsanani, nawa za a ƙara, kuma za su riƙe shi ko za su ce a nemi wani wuri? Gidan da za ka iya biya wata shida kawai ba gata ba ne, don ɗaga tsoho daga inda ya saba wani ciwo ne. Kuma ka sa nisa cikin lissafi. Gida matsakaici da za ka iya leƙawa kullum bayan aiki ya fi na alfarma da sai ƙarshen wata.

Na san wani zai ce: mu ina ruwanmu? Wannan ai al'adar Turawa ce, mu ba ma jefar da iyayenmu. Gaskiya ne, a nan tsoho yana hannun iyalinsa, kuma abin alfahari ne. Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Ƴan uwanmu suna tsufa a Turai, ƴan uwanmu mata da yawa kuma su ne ke wanke tsofaffin can. Sannan mu leƙa cikin gidajenmu na Yamai da Maraɗi da Tawa. Wa ke ɗaukar tsohuwar da ta kwanta? Sau tari mace ɗaya ce, suruka ko ƴar da aurenta ya mutu, ba hutu, ba horo, ba godiya. Ko kuma yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye, ana ba ta abin da bai kai ko kusa da mafi ƙarancin albashi na jaka 42 ba. Maza suna aiko kuɗi daga Legas ko Abijan ko Aljeriya, suna ganin sun sauke nauyi. Tambayoyin nan uku suna nan a ɗakin baya na gidajenmu: hannu nawa ke aikin, wa ke sa ido, kuɗin ina yake shiga? Bambancin kawai, mu ba mai rubuta littafi a kanmu.

Birane suna girma, gidajen haya suna ƙanƙancewa, mata suna fita aiki, ciwon suga da hawan jini suna kwantar da iyaye shekara da shekaru. Duk inda buƙata ta taru, ɗan kasuwa zai iso, kamar yadda muka gani da makarantu da asibitocin kuɗi. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Faransa mai dokoki da masu bincike birjik, sai da ɗan jarida ya fasa ƙwai sannan gwamnati ta ce za ta binciki gidajen duka. Mu me muka tanada?

Kiranmu ga hukumomin lafiya da na jin daɗin jama'a shi ne a rubuta ƙa'ida tun kafin sana'ar ta kafu. Duk mai son buɗe gidan tsofaffi ko kamfanin tura masu jinya gida-gida, a ɗaure shi da mafi ƙarancin ma'aikata dare da rana, da farashi a rubuce a fili, da bincike ba sanarwa, da ƙofa a buɗe ga iyali. Makarantun lafiya na ƙasa da ke Yamai da Damagaram su buɗe gajeren horo kan kula da tsoho a gida, wanda matan da ke wannan aikin yanzu za su iya shiga. Mu kuma a cikin danginmu, a zauna a raba kwana da kuɗi da ziyara, a daina barin mace ɗaya da kayan mutum goma.

Abokina ya koma gidajen nan uku da yamma, ba tare da ya sanar ba. Bai ɗauki mafi tsadar ba. Ya ɗauki wanda ke kan hanyarsa ta dawowa daga aiki, inda ya tarar da wata ma'aikaciya zaune tana ba wani tsoho miya ba gaggawa. Kunyar ba ta bar shi ba, kuma ban ce masa ta bar shi ba. Ita ce ke kai shi can kowace magariba.

Allah ya ba mu ikon riƙe iyayenmu da mutunci, ya sa mu rabu da su suna sa mana albarka.