Maruru: Ruwan Ɗumi a Gida, Wuƙa a Asibiti

Babu gidan da bai san maruru ba. Yakan fito wa yaro a ka, ya fito wa manomi a hamata ko a cinya, ya hana mai babur zama. Saboda an saba da shi, kowa yana da maganinsa. Wani ya ce a matsa, wani ya ce a shafa kanwa, wani ya ce a kira wanzami. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da nake so in faɗa muku, 'yan'uwa, shi ne maganin gida yana aiki, amma yana da iyaka. Aikin gida shi ne a gasa maruru har ya nuna, a kuma tsabtace shi. Tsagawa da hudawa aikin asibiti ne.

Daga ina yake zuwa?

Mutane sukan ce dattin jini ne, ko yawan cin gyaɗa, ko zafin rana, ko sammu. Ainihin mai kawo shi ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani. Wadda ta fi yawa likitoci suna kiranta stafilokokas. Tana zaune a fatar mutane da yawa da cikin hancinsu ba tare da ta yi musu komai ba. Amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ƙaya ta soke ka, ka sosa cizon sauro ko ƙazuwa, aska ta yanke ka, nan ƙwayar take samun ƙofa. Jiki kuwa sai ya aiko da dakarunsa, wato fararen ƙwayoyin jini, su kewaye ta. Gawarwakin wannan yaƙi su ne mugunya. Jiki yakan gina katanga kewaye da mugunyar don kada ta bazu, shi ya sa wurin yake kumbura, ya yi zafi, ya yi zogi.

Ku riƙe maganar katangar nan, gama a kanta komai ya rataya. Mai matsa maruru da ƙarfi yana iya fasa katangar ta ciki, ya tura ƙwayar cutar cikin nama da jini. Katangar ce kuma take hana maganin da aka haɗiya shiga tsakiyar mugunya sosai. Saboda haka mutum yakan sha kapso mako guda, kumburin yana nan daram.

Irinsa ba ɗaya ba ne

Ƙaramin maruru yakan fara a gindin gashi, ya yi kai fari, ya fashe da kansa. Wannan ne kaɗai na jiyya a gida, shi da hazbiya da ke fitowa a fatar ido.

Akwai babba mai baki da yawa, wanda ya fi fitowa a ƙeya ko a baya. Sau da yawa yana tafe da ciwon sukari. Akwai karkare, wanda yake kama kan yatsa ya hana barci. In an daɗe yakan ci ƙashi. Akwai na nonon mai shayarwa, da na gindin haƙori wanda yake kumbura kunci, da na gefen dubura wanda mutane sukan ɗauka basir ne su yi ta ɓoyewa. Akwai wanda allura mara tsabta take kawowa a ɗuwawu, irin wadda masu tallar magani suke yi a kasuwa. Akwai kuma na can cikin tsoka, ko na hanta, wanda ba ya yin kai ko kaɗan. Alamarsa zazzaɓi ne da ciwo a wuri ɗaya, cinya ta yi tauri kamar itace, ko gefen dama na ciki a ƙarƙashin haƙarƙari ya riƙa ciwo. Duk waɗannan sun fi ƙarfin ruwan ɗumi.

Mutanen wajen Bankim su lura da abu ɗaya. Kumburi mai tauri da ba ya ciwo yana iya zama farkon gyambon Buruli, wanda aka sani a yankin. Ba maruru ba ne, kuma maganinsa yana asibiti.

Abin da za ku yi a gida

Ku tafasa ruwa lita 1, ku zuba gishiri ƙaramin cokali 1, ku bari ya huce har gwiwar hannu ta iya jure shi. Ku tsoma tsumma wankakke, ku matse, ku ɗora a kan marurun minti 10 zuwa 15, sau 3 ko 4 a rana. Ɗumin yana jawo jini zuwa wurin, yana rage zogi, yana sa mugunyar ta taru ta nemi hanyar fita. In kuna so ku tafasa ganyen darbejiya a ruwan, babu laifi, muddin an tace shi. Amma ɗumin ne yake yin aikin. Farasitamol yana rage ciwo.

In ya fashe da kansa, ku bar mugunyar ta fita, kada ku tatse. Ku wanke wurin da sabulu da tafasasshen ruwa, ku rufe da tsumma mai tsabta, ku canja kowace rana. Zuma mai kyau da aka tace ana iya shafa ta a bakin da ya riga ya buɗe, gama ƙwayar cuta ba ta jin daɗin zama a cikinta. Tsumman da ya jiƙe da mugunya a ƙone shi ko a jefa a masai. Ku wanke hannu da sabulu kafin ku taɓa da bayan kun taɓa. Mai maruru ya riƙe tawul ɗinsa da sosonsa shi kaɗai, don ta nan ne yake bi daga yaro zuwa yaro.

Kada ku sa kashin shanu, ko ƙasa, ko toka, ko baƙin mai, ko ruwan batir. Kashin dabba da ƙasa suna ɗauke da cutar tetanus, mai sarƙe haƙora ta sandarar da jiki, kuma tana kisa. Kanwa da ɗanyar tafarnuwa suna ƙona fata. Garin kapso da ake barbaɗawa ba ya kaiwa inda cutar take. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Maganar wanzami

Wani zai ce, ai tun kaka da kakanni wanzami yake sakiya, mutane kuma suna warkewa. Gaskiya ne wanzami ya san abu ɗaya da mu ma muka yarda da shi: mugunya sai ta fita ake samun lafiya. Ba na raina shi. Amma ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin fata. A wuya, da hamata, da matsematsi, manyan hanyoyin jini suna kwance kusa. Wani kumburin matsematsi ma gwaiwa ce, hanji ne a ciki, in an huda shi an taɓa rai. Askar da ta taɓa mutum biyu kuma tana iya ɗaukar sida ko ciwon hanta daga wannan ta kai wa wancan.

A asibiti muna kashe zafin wurin da allura, mu tsaga da ƙarfen da aka dafa. Babban maruru yakan yi ɗakuna a ciki kamar saƙar zuma, sai an buɗe su duka, in ba haka ba ya dawo. Mu wanke, mu ɗaure, mu duba ko ana bukatar rigakafin tetanus ko maganin sha. Yawancin mutane suna samun barci a daren ranar.

Wani kuma zai ce asibiti da nisa, kuɗi kuma babu. Wannan magana ce mai nauyi, na sani. Amma ku auna. Wanda ya zo da wuri, aikin ɗan lokaci ne, ya koma gida ran nan. Wanda ya jira mako biyu yakan kwanta a gado, a shiga da shi ɗakin tiyata, kuɗin ya ninka, gona kuma ta zauna babu mai nome ta. Karkaren da aka bari yana iya tafiya da gaɓar yatsa har abada.

Ranar da za a bar jiyyar gida

Ku zo asibiti ba tare da jira ba in kun ga ɗaya daga cikin waɗannan. An gasa kwana 3 babu sauƙi, ko kumburin ya kai girman goro. Akwai zazzaɓi ko rawar sanyi. Zafi da kumburi suna yaɗuwa, ko kaluluwa ta fito. Marurun yana kan hanci ko leɓen sama ko kusa da ido, domin hanyoyin jinin wurin suna haɗuwa da na cikin kai. Irin wannan ko kusa kada a matsa shi. Mai ciwon jariri ne, ko mace mai ciki, ko mai ciwon sukari, ko mai sida. In kuma maruru yana ta dawowa, a zo a auna sukarin jini.

Uwa mai shayarwa, in nononki ya yi tauri da zafi, kada ki yaye yaro, kada ki yarda da masu cewa nonon ya ɓaci. Nonon da ya taru bai fita ba yana iya jawo maruru. Ki ci gaba da ba shi, ki gasa da ruwan ɗumi, ki zo mu duba in kwana ɗaya ya wuce babu sauƙi. In kina shan maganin sida, ki tambaye mu tukuna kafin ki ba shi nonon da ke ciwo.

Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin Sarki Hezekiya, wanda maruru ya kai shi bakin mutuwa. Ya yi addu'a, Allah ya ji, annabi Ishaya kuma ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a wurin. Addu'a da magani suka tafi tare. Haka ya kamata mu yi. Dattawan ikkilisiya da zumuntar mata, in kun je gaida mara lafiya, ku yi addu'a, sa'an nan ku tambaya kwana nawa ke nan da fitowar kumburin, ku taɓa goshinsa ku ji. In ya wuce na gida, ku haɗa kuɗin babur ku kawo shi.