Zaman Iyali: Kwana Uku a Maraɗi

An ce Turawa mata da miji sukan je yawon buɗe ido bakin tekun Italiya da hunturu, sa'ad da baƙi suka watse, kuɗin masauki ya sauka. Mu ma muna da irin wannan lokaci: watan Janairu. An gama kaka, Kirsimeti ta wuce, kuɗin mota ya koma yadda yake.

A Janairun 2019 na ce wa uwargidana ta shirya mu tafi Maraɗi. Ta ce, “Maigida, wa ya rasu?” Tambayar nan ta kunyata ni ƙwarai. Shekara 22 da aurenmu, ban taɓa fita da ita ba sai biki ko ta'aziyya.

Muka bar yara wurin kakarsu, muka tashi daga Daddara, muka ƙetare iyaka a Magama, sai Ɗan Isa. Muka ratse Tafkin Madarumfa, muka ci soyayyen kifi cikin hazo. A nan ne ta buɗe mini zuciyarta game da ɗanmu da muka binne a 2007, maganar da ba mu taɓa yi ba. Muka yi kuka, muka yi addu'a tare.

Washegari muka gai da marasa lafiya a asibitin mishan na Danja. Maraɗi kuwa, kasuwa kawai ta gani, ta sayo atamfa.

A Agustan shekarar aka rufe iyaka. Da na jira wata shekara, da ba mu je ba. Mai niyya bana ya fara tambayar lafiyar hanya tukuna. In ba hali, ga Hasumiyar Gobarau nan kusa a Katsina.