Wasiƙa Zuwa Ga Masu Kula Da Sabar A Filinge Da Ƙasar Kurfai

Zuwa ga ƙannena da 'yan'uwana waɗanda Allah Ya ɗora wa nauyin kula da na'urorin sabar a ofisoshin hukuma da gidajen likita da ƙungiyoyin agaji, tun daga Filinge har Bonkuku da Damana da Abala.

Na ga ya wajaba in rubuto muku a kan zaɓen manhajojin tsaro da na sadarwa, domin galibin littattafan wannan fanni an wallafa su ne a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, layin intanet kuma ba ya yankewa, alhali ku kuna zaune a Dallol Boso, kimanin kilomita 180 daga Yamai, inda zafin bazara kan haura digiri 40, ƙurar hunturu ta cika cikin na'ura, rezo ya zo ya tafi yadda ya ga dama. Ba ku manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasarmu. Wanda halinsa ke nan, bai kamace shi ya tara manhajoji barkatai ba. Abin da ya dace da shi kaɗan ne, sanannen asali, wanda zai iya riƙewa shi kaɗai.

Malaman hadisi, Allah Ya saka musu da alheri, ba sa karɓar matani sai sun binciki isnadi, sun san wane ne ya karɓa daga wane, kuma wane ne amintacce a cikin maruwaita. Haka nake so ku ɗauki sha'anin manhaja. Duk abin da kuka ɗauko daga rumbun Debian ko na Ubuntu yana zuwa da hatimin makullin masu rumbun, manhajar apt tana duba hatimin kafin ta girka, kuma akwai jama'a sanannu da suka ɗauki alhakin toshe ɓaraka idan ta bayyana. Amma umarnin nan da mutum zai kwafo daga wani shafi, ya liƙa, ya bar shi ya sauko da abin da bai karanta ba ya gudana da cikakken ikon mai gida, wato root, wannan ruwaya ce daga majhuli, kuma ina roƙonku da ku ƙaurace mata ko da ta fi sauƙi.

Hatta isnadi ingantacce yakan samu mai kutse. A watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga na'urarsa ta SSH ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, sai ya tarar an dasa ƙofar ɓoye a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowace na'urar Linux ke ɗauke da ita. Wanda ya dasa ta kuwa, da sunan Jia Tan, ya shafe wajen shekaru biyu yana hidima har aka amince masa. Abin lura a nan shi ne gurɓataccen bugun bai kai ga Debian tabbatacce ba, saboda Debian ba ya gaggawar karɓar sabon abu. Jinkirin nan da samari ke raina wa Debian shi ne ya tsare masu amfani da shi. Ku zaɓi bugun da za a daɗe ana kula da shi, kamar Debian tabbatacce ko Ubuntu mai wa'adin shekara 5, ku kuma tuna da mutanen CentOS 8, waɗanda aka yi wa alkawarin kulawa har 2029, aka wayi gari an yanke ta a ƙarshen 2021.

Game da kayan aikin kansu, akwai wajibi akwai mustahabbi. Wajibi ne katangar tsaro: nftables, wadda ta gaji iptables, ko ufw ga wanda bai ƙware ba, a rufe kowace ƙofa, a buɗe wadda ake bukata kawai. Wajibi ne OpenSSH ta karɓi makulli, ta ƙi kalmar sirri, ta kuma hana shiga kai tsaye da sunan mai gida. Wanda ya yi waɗannan, fail2ban mustahabbi ce a gare shi. Su kuwa manyan manhajojin sa-ido irin su Suricata da Wazuh, ban musanta falalarsu ba, sai dai suna cin ƙwaƙwalwar na'ura, suna kuma bukatar wanda zai zauna kullum ya karanta rahotonsu, kuma yawancinku mutum ɗaya ne ke gyaran firinta, shi ne ke jan waya, shi ne ke kula da sabar.

Wajen isa ga na'ura daga nesa, wanda ya zama larura yanzu da rashin tsaro ya sa tafiya ta yi wuya a jihar Tilaberi, ku san cewa kamfanonin salula kan haɗa mutane da yawa a kan adireshi ɗaya, ta yadda ba a iya samun sabar ɗinku daga waje. Maganin wannan WireGuard ce, wadda ta shiga cikin Linux a 2020: sabar ce za ta miƙa hanya zuwa wata na'ura mai tsayayyen adireshi, ku bi ta nan ku shigo, idan rezo ya yanke ya dawo sai ta ci gaba ba tare da an taɓa ta ba. Ku riƙa aiki cikin tmux, don kada yankewar layi ta katse muku sabuntawa a tsakiya.

Sabuntawar ita ce inda na fi jin tsoro a kanku, saboda tsadar intanet kan sa a yi ta ɗage ta. Ɓarakar Heartbleed da ta bayyana a OpenSSL a 2014 an toshe ta nan take, amma na'urori masu yawa suka daɗe a buɗe don ba a sabunta su ba. Ku girka unattended-upgrades ta riƙa ɗauko gyaran tsaro da kanta, in kuma na'urorinku sun fi ɗaya, apt-cacher-ng za ta sauko da abu sau ɗaya ta raba musu. Kada ku manta da agogo: batirin cikin na'ura kan mutu, wuta ta ɗauke, kwanan wata ya koma baya, sai takardun shaida su ƙi aiki, chrony tana daidaita shi.

Abin da ke cikin waɗannan na'urori amana ce, sunayen majinyata ne da takardun haihuwa da albashin ma'aikata, kuma tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutane da hukumar HAPDP mai lura da ita. A ganina ɗauke na'urar ɗungurungum ko ƙonewar faifanta ya fi kusa da ku bisa ga ɓarawon intanet. Saboda haka ku kulle faifai da LUKS, da sanin cewa duk sanda wuta ta dawo sai wani ya shigar da kalmar buɗewa, ku kuma riƙa ɗaukar kwafi da BorgBackup ko restic, ku ajiye shi a wani gini dabam, ku jarraba maido da shi lokaci-lokaci, domin kwafin da ba a taɓa jarrabawa ba zato ne kawai.

Ma'aikaci kuwa ana canza masa wurin aiki ba shiri. Ku sami littafi na takarda, ku rubuta abin da kuka girka da dalilinsa, da ƙofofin da kuka buɗe, da ranar da wa'adin bugun zai ƙare, kalmomin sirri kuma ku sa su a ambulan rufaffe a hannun shugaban ma'aikata, ku sabunta shi duk sanda kuka canza su.

Allah Ya yi muku jagora. Haza wassalam.