Baƙon Kwana Uku A Zariya: Ziyara, Gonakin Inabi Da Sallar Matafiyi

A wannan mako za mu yi magana ne da mutum biyu: ma'aikacin gwamnati wanda aka turo taro ko kwas a Samaru, da ɗan kasuwa wanda ya sauka Sabon Gari don sarin kaya. Kowannensu kwanakinsa ƙidayayyu ne, biyu ko uku, in ya yi yawa huɗu, kuma kowannensu yakan sami wani yini ko wani yammaci da ba shi da aikin yi. Sau da yawa wannan ɗan sarari yakan ƙare ne a ɗakin masauki ko a hirar gindin bishiya, har mutum ya koma gida bai ga komai na Zazzau ba sai tasha da ofis.

Kafin a kai ga maganar inda za a je, sai mutum ya fara sanin matsayinsa wajen salla, domin a kan wannan ne sauran shiri zai hau. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda yake a Risala ta Ibnu Abi Zaid, ana yin kasaru ne a tafiyar da ta kai mil 48, watau abin da malaman wannan zamani suke kimantawa da kilomita 80 da 'yan kai, kuma zuwa kaɗai ake lissafawa, ba a haɗawa da komowa. Wanda ya taso daga Kano, ko Katsina, ko Sakkwato, ba shakka matafiyi ne. Na Kaduna kuwa tafiyarsa a kan gaɓa take, gara ya tambayi malaminsa tun kafin ya taso. To, in baƙo ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, ko abin da zai sallaci salloli ashirin, hukuncin tafiya ya yanke, sai ya cika sallarsa tun daga saukarsa. In kuwa niyyarsa kwana biyu ce ko uku, yana nan a matsayin matafiyi, sai fa in ya bi limami mazaunin gari, to a nan sai ya cika tare da shi. Jumma'a ba ta wajaba a kan matafiyi ba, amma in ya halarta ta isar masa, kuma mu dai ba mu ga dalilin da zai sa mutum ya kwana a Zariya ranar Alhamis ya ƙi zuwa masallaci ran Jumma'a ba.

Akwai wani kuskure da muke yawan gani. Mutum ya zo kwas na mako biyu a Samaru, ya zama mazauni, sa'an nan ran Asabar ya fita zuwa Hunkuyi ko Shika ya ce shi matafiyi ne, ya rage salla. Wannan bai yi ba, domin babu ɗaya daga cikin waɗannan wurare da ya kusanci mil 48 daga Samaru.

Abu na biyu shi ne a san Zariya ba dunƙulallen gari ɗaya ba ce. Akwai Birni a cikin ganuwa, akwai Tudun Wada a bakinsa, akwai Sabon Gari wanda ya kafu bayan da jirgin ƙasa ya iso a 1911, sa'an nan akwai Samaru can a kan hanyar Sakkwato, wadda tsakaninta da Birni ya haura kilomita 10. Wanda ya ce zai yi safiya a Samaru, ya yi hantsi a fada, ya komo Samaru cin rana, sa'an nan ya sake shiga Birni da la'asar, to yininsa a Kwangila zai ƙare cikin cunkoson motoci. Shawararmu ita ce a ba kowane yini fuska ɗaya: yini guda na Birni da Tudun Wada, yini guda na Samaru da abin da ke arewa da ita. Sabon Gari kuwa a tsakiya take, ana iya taɓa ta da safe ko da yamma.

Yinin Birni ba ya bukatar dogon bayani ga wanda ya san tarihin jihadi. Daga nan Sarki Makau ya fita zuwa kudu lokacin da Malam Musa ya zo da tuta, kuma a zamanin Sarki Abdulkarim ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Jumma'a da ƙasa, da bakan-gizonsa wanda masana gini na duniya suka yi ta rubutu a kansa. A­ watan Agustan 2023 ne wani sashe na wannan masallaci ya rufta ana cikin sallar la'asar, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙan su. Saboda haka baƙo ya tambayi mai masaukinsa halin da aikin ginin yake ciki kafin ya nufi wurin. Fadar Sarkin Zazzau tana nan daf da masallaci, inda Mai Martaba Ahmad Nuhu Bamalli yake tun watan Oktoba na 2020, bayan rasuwar Sarki Shehu Idris wanda ya hau a 1975. Amma a wurinmu, abin da ya fi cancanta baƙo ya ba lokacinsa a Birni shi ne zaurukan malamai na Unguwar Kona da Unguwar Juma, inda ɗalibai daga ƙasashe masu nisa suka daɗe suna zuwa neman nahawu da lugga. Ba a faɗa wa malami tsakiyar darasi. A aika tukuna, a zo a zauna a bayan ɗalibai, a saurara, in an tashi a gaisa a nemi addu'a a ba da abin da ya sawwaƙa. A kan hanyar komowa sai a ratsa Tudun Wada a ga Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, gidan da ya raini jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a 1939, Alhaji Abubakar Imam yana editanta.

Yanzu ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Ma'aikatanmu da ake turawa taro ƙasashen waje sun san wata al'ada ta can: ranar ƙarshe sai masu shirya taro su kawo mota su ce za a kai baƙi yawon gonakin inabi. A Faransa za a ce Bordeaux, a Afirka ta Kudu za a ce Stellenbosch ko Constantia kusa da birnin Cape Town. Sunan yawon dai na gona ne, amma ainihinsa ziyarar matsar giya ce, a zagaya da mutum cikin tuluna, a ƙarshe a zaunar da shi a teburi a jera masa kofuna ya ɗanɗana. Haramcin giya a fili yake cikin Suratul Ma'ida, aya ta 90, kuma hadisi ya haɗa mai matsa ta da mai ɗaukarta da mai sayar da ita cikin la'ana ɗaya da mai shanta, ya kuma hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da ita. Saboda haka cewa "ni ruwa kawai zan sha" ba ta fitar da mutum ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne tun ranar da aka raba takardar tsarin taro mutum ya faɗa wa masu shiri cewa ba ya cikin wannan fita, ba sai mota ta tsaya a ƙofar matsa ba ya fara jin nauyin idon abokan tafiya. Kuma wanda ya je Cape Town ba zai rasa abin ziyara ba. Masallacin Auwal na unguwar Bo-Kaap tun 1794 yake, kabarin Shehu Yusuf na Makassar, wanda Turawan Holan suka kora zuwa can a 1694, yana nan a bayan gari ana ziyartarsa.

To, abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba sai an hau jirgin sama ba kafin a ga gonar inabi. A arewa da Samaru, in aka bi ta Basawa, ana isa Hunkuyi, hedkwatar ƙaramar hukumar Kudan, kuma wannan yanki ya yi suna a Nijeriya duka wajen noman inabi na ci. Tafiya ce ta safiya ɗaya, a je a komo kafin azahar. Wanda bai taɓa ganin itacen inabi ba zai sha mamaki, domin ba bishiya ba ce mai tsayuwa da kanta, yaɗo take yi, sai an kafa mata turaku an ja waya an yi mata rumfa, 'ya'yan su riƙa reto a ƙarƙashi nono-nono. A ƙasashen sanyi itacen yakan yi barci da hunturu ya farka da kansa, amma a ƙasa mai zafi irin tamu manomi ne yake sa shi hutawa ya kuma tashe shi ta hanyar datse rassa, yana auna lokaci yadda 'ya'yan za su nuna da rani, lokacin da babu ruwan sama da zai ruɓar da su. Ke nan wanda ya zo da damina ganye kawai zai tarar. Ba mamaki a sami irin wannan noma a nan, gama tun 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru, wadda ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, kuma ƙauyukan da ke kewaye da ita sun daɗe da sabawa da gwada sabon iri.

Inabi halal ne, ni'ima ce da Alƙur'ani ya ambata a wurare da dama tare da dabino da zaitun. Amma ɗan kasuwan da ya je da niyyar sari, akwai hukunce-hukunce da ya kamata ya riƙe, don a nan ne kuɗi da addini suke haɗuwa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya hana sayar da 'ya'yan itace kafin nunarsu ta bayyana, kuma bayyanar nuna a inabi ita ce ya fara zaƙi, launinsa ya juya. Cinikin da ake ƙullawa na gona sukutum tun 'ya'ya suna tsanwa shar, a biya kuɗi a ce sai sun nuna a zo a yanka, shi ne ainihin abin da aka hana, domin in tsuntsaye ko cuta suka cinye gonar, da me manomi ya ci kuɗin ɗan'uwansa? Kada kuma a ce za a yanke ɗanye ya nuna a hanya kamar mangwaro ko ayaba. Inabi ba ya ƙara zaƙi bayan an raba shi da uwarsa, yadda aka yanke shi haka zai isa Legas. Sa'an nan malamanmu sun hana a sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa da shi, ko da ya ba da farashin da ya fi na kowa. Ruwan inabin da aka matse kuwa halal ne muddin bai tsimu ba, amma a zafin ƙasarmu ba ya daɗewa yake juyawa, don haka wanda ya matsa ya sha a ranar.

Manoman su ma muna tuna musu zakka. Inabi yana cikin abin da ake fitar wa zakka in ya kai nisabi, watau wusƙi biyar, kuma irin wanda ba a busar da shi ya zama zabibi, in an sayar, daga kuɗinsa ake fitarwa. Tun da yake da inji da rijiyar burtsatse ake ban ruwa, rabin ushiri ne, watau ɗaya cikin ashirin.

Ladabin shiga gona kuwa bai bambanta da na shiga gida ba. A nemi wanda ya san mai gonar ya yi jagora, a yi sallama, kada a tsinki ko ƙwaya ɗaya sai an ce bismilla, kuma wanda ya zo kallo ya ɗauki hotuna ya ci lokacin ma'aikata, kyautatawa ce ya sayi ko da kwali ɗaya ya kai wa mai masaukinsa. Mai masaukin nan yana da hakki. Shari'a ta ba baƙo kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ce, saboda haka kada yawon baƙo ya zama shi ne zai hana mai gida zuwa ofis ko buɗe shago, ko ya ƙarar masa da man mota.

In an komo daga Hunkuyi da sauran rana, ma'abucin karatu ya shiga jami'a ya ga Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, ya kuma nemi sashen binciken tarihin Arewa inda aka tara rubuce-rubucen malaman jihadi na Larabci da ajami. Wurin aikin gwamnati ne, ranar aiki da lokacin aiki ake samunsa a buɗe. Mai sha'awar dabbobi kuwa Shika tana gaba kaɗan, inda cibiyar binciken kiwo take. Dutsen Kufena da sanyin safiya ake hawansa. Turunku, garin Bakwa na tarihin Sarauniya Amina, tana can kudu wajen hanyar Kaduna, ita yini guda take ci, ba a haɗa ta da wani wuri.

Duk inda za a je, a fita bayan gari ya waye, a komo kafin magariba, kuma a tambayi 'yan gari labarin hanya a safiyar ranar, musamman wajen Giwa da abin da ke yamma da ita, inda 'yan bindiga suka sha tare mutane a shekarun nan. In mai masauki ya ce kada a bi wata hanya, a bar ta ko da an riga an biya kuɗin mota.