Manomi, duba bakin ƙwaro kafin ka fesa magani

Ɗan'uwa manomi, in wake ya fara fure, da yawanmu da an ga ƙwaro bisa ganye sai a ɗauko famfon feshi. A ganina wannan gaggawa tana sa mu hasara. Cikin ƙwarin nan akwai wanda ke yi maka aiki, ba ka biyan shi ko dala.

Mu ce masa ƙwaro mafarauci. Da faransanci sunan shi réduve. Masana sun ƙidaya irin shi wajen 7000 a duniya, wasu baƙaƙe, wasu ja da baƙi, wasu kalar ƙasa. Ba ya cin ganye, ba ya taɓa ƙwaya. Nama yake so: tsutsa, da ƙudaje, da ƙwarin da ke tsotse ɗanyen wake har kwanso ya yanƙwane.

Ga yadda za ka gane shi. Kan shi siriri ne, da ɗan wuya. Bakin shi gajere ne, kakkaura, a lanƙwashe kamar lauje, yana naɗe shi ƙarƙashin ƙirji. Mai ɓarnar wake kuwa bakin shi dogo ne, siriri, miƙaƙƙe kamar allura. Mafarauci yakan laɓe cikin ganye, ko ya bi a hankali. Sai ya cafke tsutsa da ƙafafun gaba, ya soke ta, ya zuba mata yawu mai dafi. Cikinta ya narke, ya tsotse, ya yar da fata. Ɗiyan shi ma, tun ba su yi fiffike ba suke farauta. Akwai irin da ɗiyan ke ɗora gawar tururuwa bisa bayansu don su ɓoye. Ikon Allah!

Masu noman kaɗa, ku kula sosai. Akwai wani mafarauci da ya yi kama da jan ƙwaron nan mai ɓata farin kaɗa. Cikinsu yake zama, su yake ci. In ba ka duba baki ba, sai ka ce duk ɗaya ne.

Ba zan ɓoye maka aibin shi ba. Ba ya zaɓe, har ƙudan zuma yana kamawa. In ka damƙe shi da hannu zai soke ka, da zafi kuwa, don haka ka gargaɗi yara. Kuma in ɓarna ta yi yawa, shi kaɗai ba ya tsare gona.

Amma ka yi lissafi. Magani ba ya bambanta mai ɓarna da mafarauci. Bayan feshi masu ɓarna sukan riga shi dawowa, su tarar babu mai tsaro. Sai ka koma kasuwa ka sake sayen wani.

Saboda haka ka zaga gonarka da sassafe, ka juya ganye, ka ƙidaya abin da ka gani. Wanda ya shige maka duhu, tura shi da tsinke cikin kwalin ashana, ka kai wa malamin gona ya duba kafin ka kwance kuɗinka.