GOLA MAI YAWON KULOB BA GANTALALLE BA NE

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka taimaka mini da ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in tofa albarkacin bakina a kan wata magana da ake ta gardama a kanta a teburin mai shayi da gidajen kallon ƙwallo, tun bayan rasuwar tsohon golan Nijeriya, Peter Rufa'i, wanda ake yi wa laƙabi da Dodo Mayana. Ya rasu ranar 3 ga watan Yuli na 2025 yana da shekara 61.

Maganar kuwa ita ce, wasu samari da ba su ga zamaninsa ba suna cewa wai da gwani ne da ba a gan shi yau nan gobe can ba, wai gola na ƙwarai kulob ɗaya babba yake samu ya zauna har ya tsufa. Ni dai a nawa ganin wannan magana ba ta da tushe, kuma abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, irin wannan tunani yana cutar da yaranmu masu sha'awar tamaula, har da aljihun iyayensu.

Da farko bari mu bi sawun mutumin. Rufa'i ya fito ne a ƙungiyar Stationery Stores ta Legas a 1980, kuma da shi suka kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka a 1981, inda Union Douala ta Kamaru ta doke su. Daga nan ya yi Femo Scorpions, sai ya ƙetara Jamhuriyar Benin wajen Dragons de l'Oueme a 1986. A 1987 ya tafi Beljiyam, ya yi Lokeren, ya yi Beveren. A 1993 ya koma Go Ahead Eagles ta ƙasar Holan, a 1994 sai Farense ta Fotugal. A 1997 ya shiga Sifen, ya yi 'yan watanni a Hercules, sannan Deportivo La Coruna, kana ya rufe da Gil Vicente ta Fotugal a shekara ta 2000. In ka lissafa, kulob 10 ke nan a ƙasashe 6 cikin shekara 20.

To, me ya sa gola yake irin wannan yawo? Amsar ba ta da nisa, jama'a. A cikin mutum 11 da ake sa wa a fili, gurbin gola ɗaya ne tak. Ɗan gaba ko ɗan tsakiya in bai samu shiga da farko ba, yana iya samun minti 20 a ƙarshen wasa, ko a gwada shi a gefe. Amma koci ba ya canza gola a tsakiyar wasa sai in ciwo ya ji, ko an ba shi jan kati. Ashe ke nan gola na biyu yana iya shekara guda cur yana atisaye safe da yamma, ran wasa kuma ya sa riga ya zauna a benci yana tafa wa wani. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Wanda bai samu raga a nan ba, dole ya naɗe tabarmarsa ya nemi inda zai samu.

Mu 'yan kasuwa ai bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Mai tallar atamfa ko mai sayar da goro da ke cin kasuwar wannan ƙauye ran Litinin, ta wancan ran Laraba, ta gaba ran Juma'a, wa ya taɓa ce masa gantalalle? Haka ɗan ci-rani da ke barin gida bayan an gama girbi. Kowa ya san nema ya fita. Kifi ma cewa ya yi zama wuri ɗaya tsautsayi ne. Gantali shi ne yawon da ba a komawa gida da komai, shi kuwa Rufa'i kowa ya ga abin da ya dawo da shi.

A shekarun da ya yi a Beljiyam galibi a benci yake. Da ya liƙe a can don kada a ce ya cika canje-canje, da wataƙila ba mu san shi yadda muka san shi ba. Amma da ya matsa zuwa Holan, a ƙaramin kulob, ya samu ya riƙa tsayawa a raga, sai ga shi koci Westerhof ya damƙa masa ragar Nijeriya a 1994, duk da cewa akwai Alloy Agu da Wilfred Agbonavbare. A shekarar muka ci kofin Afirka a Tunisiya, bayan mun doke Zambiya da ci 2 da 1. A shekarar kuma muka je kofin duniya karo na farko a Amurka, inda Bulgeriya da Girka duk suka kasa zura masa ko ɗaya. Ƙwallo 4 kaɗai aka ci Nijeriya a wasa 4, biyu daga Ajantina, biyu daga Italiya.

Bayan kofin duniyar nan ma bai ce sai Barcelona ko a fasa ba. Farense ya tafi, wani ƙaramin kulob a garin Faro da ke kudancin Fotugal. A can ya tsare raga fiye da sau 60 a wasannin lig, kuma a kakarsa ta farko kulob ɗin ya ƙare a na 5, ya samu shiga gasar kofin UEFA karo na farko a tarihinsa. Nan ne ganiyarsa a Turai, a kulob ɗin da da yawanmu ba mu taɓa jin sunansa ba.

Yanzu kuma a dubi abin da ya faru da ya je kulob mai suna. A 1997 ya koma Deportivo, alhali golan da ke can, Jacques Songo'o ɗan Kamaru, bai daɗe da karɓar kyautar golan da aka fi kasa ci a lig ɗin Sifen ba. Wa zai cire irin wannan mutum ya sa baƙo? Sai benci ya sake samun Rufa'i. Cikin kaka biyu wasannin lig da ya tsare ba su kai 10 ba. Ana cikin haka sai Ike Shorunmu, wanda ake sa ran zai tsare wa Nijeriya raga a kofin duniya na 1998 a Faransa, ya ji ciwo, aka kirawo Rufa'i yana da shekara 34. A wannan karo ƙwallo 9 muka sha a wasa 4. Duk wanda ya kalli wasanmu da Danmak bai manta ba, 4 da 1 aka tashi, kuma ƙwallo ta biyu bugun tazara ne ya kasa riƙewa, ya amayo ta, Brian Laudrup ya ƙarasa.

Mutumin dai shi ne, hannun ma shi ne. Abin da ya canza shi ne shekaru sun ɗan ja, sannan ga zaman benci. Wuƙa komai kaifinta in aka ajiye ta a kube damina guda sai ta yi tsatsa. Atisaye ba ya koya wa gola lokacin da zai fito ya tare ƙwallon sama a cikin cunkoso, ko yadda zai tsaya da ransa mutum dubu 40 suna masa ihu. Wannan sai a cikin wasa.

Na san wani zai ce, ai bencin Deportivo ya fi ragar Farense albashi, kuma don kuɗi ake yi. Gaskiya ne, ni ma ban ga laifin magidanci da ya doshi ƙarshen sana'arsa ya karɓi abin da zai riƙe iyalinsa da shi ba. In akwai laifi a 1998, to na waɗanda ba su tanadi wani gola mai wasa a kai a kai ba ne, har sai da ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Amma abin da ya dace da mai shekara 34 bai dace da yaro ɗan shekara 19 ba. Yaro in ya sayar da shekarun koyonsa ya sayi benci, ranar da kwantiraginsa ya ƙare ba wanda zai neme shi, domin ba wanda ya taɓa ganin aikinsa.

Kada kuma a ce wannan labarin da ne. Stanley Nwabali ya yi Enyimba, ya yi Lobi Stars, ya yi Katsina United a nan arewa, kafin ya tafi Chippa United ta Afirka ta Kudu a 2022. Babu babban kulob na Turai ko ɗaya a cikinsu, amma yana tsare raga mako-mako. Da koci Peseiro ya ba shi dama a kofin Afirka da aka yi a Kodebuwa a farkon 2024, shi ne ya tare fenariti biyu a wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu, ya kai mu wasan ƙarshe. Da yana zaune a bencin wani kulob mai suna, da a talabijin zai kalla kamar ni da kai.

Saboda haka ina kira ga iyaye, musamman mu na karkara. Akwai masu yawo suna cewa su dillalan 'yan wasa ne, suna ɗaukar hoton yaro da rigar babban kulob, su ce a kawo kuɗin biza da na jirgi. Kada mutum ya sayar da gonar gado ko shanun noma saboda sunan kulob. Tambaya ɗaya za ka yi: in yaron nan ya je, shi zai tsaya a raga, ko kuwa rakiya zai yi? In amsar ba ta fito fili ba, riƙe kuɗinka. Gara ya fara da ƙungiyar ƙaramar hukuma, ya nemi gwaji a irin su Kano Pillars ko Wikki Tourists ko El-Kanemi Warriors, in bai samu gurbi a nan ba ya matsa gaba ba tare da jin kunya ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Su kuma samari masu tsaron raga, ku daina auna kanku da sunan rigar da kuka sa. Ku ƙirga wasa nawa kuka tsare a bana. Haka nan ina roƙon hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa da masu zaɓar 'yan wasa, a duk lokacin da za a kira gola, a fara duba wanda yake wasa, ko da a Maiduguri yake ko Bauchi, kafin a duba wanda ke ɗumama benci a Turai.

Daga ƙarshe ina miƙa ta'aziyyata ga iyalan Peter Rufa'i da dukkan masu sha'awar ƙwallo a ƙasar nan. Mutumin da ya tsare wa Nijeriya raga fiye da sau 60, har ya taɓa cin fenariti da ƙafarsa a wasanmu da Habasha a 1993, bai cancanci a kira shi gantalalle ba. Allah ya ba yaranmu sana'a mai albarka, ya tsare su daga hannun macuta, amin.

 

Naka mai karatu a kullum,
Wani ɗan tireda,
Bakin Kasuwa, Funtuwa.