Audu Timtim, Tafintan Razdan na Keffi

Daga Idu ta Abuja zuwa Keffi bai kai tafiyar awa biyu a mota ba. A can bisa wani tudu kabarin Kyaftin Moloney yake, wato Razdan ɗin da aka kashe ran 3 ga Oktoba, 1902.

In ana labarin cin ƙasar Hausa, bindigar Turawa ake ambato, ba a cika tunawa da bakin tafinta ba. Alhali kuwa duk maganar da za ta shiga tsakanin Moloney da Magaji Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau a Keffi, sai ta bi ta bakin Audu Timtim. Albashin Turawa yake ci, amma masana tarihi sun zarge shi da baki biyu, yana juya zance har aminci ya ƙare tsakanin mutanen nan.

Rannan aka kira Magaji ƙofar fada. Ya fito, ya kashe Razdan, ya tsere Kano, Sarki Alu ya karɓe shi hannu bibbiyu. Dalilin da Gwamna Lugga ke nema ke nan. Ran 3 ga Fabrairu, 1903, Turawa suka ci Kano. Magaji kuwa ya bi Sarkin Musulmi Attahiru, suka kwanta dama a Burmi cikin watan Yuli.